Batir Da Tsatsa: Yadda Za Ka Ceci Tsohuwar Fijon Gidanku

 Waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, ga shi a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau maganar tsofaffin motoci za mu yi, kuma a cikin motar ma wuri ɗaya tak za mu tsaya, wato wajen batir. Na san wani zai ce, haba Malam, duk girman mota a rasa abin da za a yi shiri a kansa sai batir? To ka ba ni aron kunnenka. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma a maganar yau har idon na gaske yana ciki.

Duk wanda ya taso a yankinmu na arewacin Kano, ko Ɗambatta ne, ko Makoɗa, ko Kunchi, ko Bichi, ko Tsanyawa, ko Bagwai, ya san Fijo. Ƙasarmu ƙasa ce da gona ke manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, kuma shekara da shekaru a-kori-kurar Fijo ce take haɗa mu da kasuwa. Ita ke kwaso gero da dawa da wake da gyaɗa, ita ke ɗauko tumatur da albasa daga fadamun Watari da Tomas, ita ke kai awaki Ɗambatta ranar Lahadi, ita ke sauke buhuna a Dawanau. Wasu an kai iyayensu mata ɗakin miji a cikinta. Wasu ma a cikinta aka garzaya da mahaifiyarsu asibiti ranar da za a haife su.

Bari in ɗan ba ku tarihi kaɗan. Fijo 404 ta fito a Faransa a 1960. Ƙanwarta 504 ta biyo baya a 1968, har ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969. A nan gida kuma, kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa Fijo a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina, har cikin shekarun 2000. A shekarun 1970 da 1980 Fijo ce motar gwamnati, ita ce motar ma'aikaci, ita ce tasi. Yau a Turai masu sha'awa suna neman irin waɗannan motoci ido rufe, suna adana su kamar zinare. Mu kuwa suna nan a bayan gidajenmu a ƙarƙashin darbejiya, kaji na ƙwai a ciki. Wasu kuma har gobe suna bakin aiki, su ke ciyar da gida.

Idan a gidanku akwai irin wannan mota, ta baba ko ta kaka, kuma ta faɗo hannunka, ko ke 'yar'uwa ta zama rabonki a gado, ga aikin farko. Buɗe bonet, ka leƙa inda batir yake zaune. A mafi yawan waɗanda na gani injin yana nan daram, giya tana shiga lafiya, amma farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin batir ya zama kamar rariya. Ka sa yatsa ka danna, ya burma. Injin Fijo kanikawa sun san shi kamar yunwar cikinsu, kayansa ana samu a Ƙofar Ruwa. Jikin mota kuwa in ya ruɓe, gyaransa ya fi komai wahala da cin kuɗi. Shi ya sa na zaɓi wannan wuri.

To me ke cikin batir ɗin nan da har yake cin ƙarfe? Irin batirin da muke sa wa mota wani Bafaranshe ne mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yau tsarin bai canza sosai ba. Akwatin roba ne mai ɗakuna shida. A kowane ɗaki akwai faranta na dalma a jere, an nutsa su a cikin ruwa. Ruwan nan gauraye ne, kusan kashi ɗaya cikin uku asid ne mai suna salfurik, sauran kuma tataccen ruwa. Kowane ɗaki yana ba da wuta kimanin bolt 2.1, in ka haɗa shidan ka samu 12.6. Asid ɗin nan in ya ɗiga a riga zai huda ta, in ya taɓa fata zai ƙone ta, in ya zauna a kan ƙarfe zai ci shi a hankali har ya cinye.

Muddin yana cikin akwatinsa babu matsala. Abin tambaya shi ne, ta ina yake fitowa? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hanyoyi huɗu ne, ku riƙe su.

Ta farko girgiza. Ku dubi hanyoyinmu. Da ka sauka daga kwalta ka hau burji, sai gargada, sai ramuka, sai kwazazzabon da ruwan damina ya yanka. Batirin mota yana da nauyi, kilo goma sha wani abu zuwa ashirin. In ba a ɗaure yake ba, duk ramin da aka faɗa sai ya yi tsalle ya dawo. Ruwan ciki yana fantsalowa ta murafe, gindin akwatin yana gogar ƙarfe har ya tsage. A ciki kuma sinadarin da ke manne a jikin faranta yana kakkaɓewa yana taruwa a ƙasa, ranar da ya taru da yawa sai ya haɗe faranta biyu, ɗaki guda ya mutu. Sai ka ji mutum yana cewa batiran yanzu ba su da ƙarko, alhali hanya ce ta kashe masa shi.

Ta biyu caji fiye da kima. Tsofaffin motoci suna da wata na'ura da ake ce wa regileta, ita ke ƙayyade wutar da altaneta ke tura wa batir. In ta lalace sai wuta ta yi yawa, ruwan batir ya riƙa tafasa, tururin asid yana fita yana sauka a kan duk abin da ke kusa. Alamarsa, za ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, batir ya yi zafi, ruwa yana ƙarewa da wuri, wani lokaci ma gefen akwatin ya kumbura.

Ta uku cika ruwa har baki. Ruwan batir yana ƙara yawa idan ya ɗau zafi. In ka cika shi maƙil da safe, kafin azahar ya yi ambaliya.

Ta huɗu kuwa guduma. Kowa ya taɓa ganin direba ya ɗauki dutse ko sifana yana dukan kan batir don mota ta ƙi tashi. E, wani lokaci takan tashi. Amma kan batir dalma ne mai laushi, kuma a gindinsa akwai liƙi tsakaninsa da roba. Kowane duka yana sassauta liƙin nan, daga nan asid ya samu hanyar tsattsafowa. Farin garin nan da kake gani ya taru a kan tamina kamar gishiri, wani lokaci shuɗi-shuɗi ko kore-kore, shi ne shaidar. Farin daga dalma yake, mai shuɗin kuma daga tagullar waya. Shi ke hana wuta wucewa, sai a sake ɗauko dutse. Ka ga an shiga zagayen da ba ya ƙarewa.

Sannan ga yanayinmu. A watan Afrilu zafi a Kano yakan kai digiri 40, a ƙarƙashin bonet kuwa ya wuce haka nesa. Masana batir suna da lissafin cewa duk ƙarin zafi na kusan digiri 10 a kan 25 yana iya rage kwanan batir da rabi. Hunturu kuma ya zo da ƙura. Ƙurar nan in ta kwanta a saman batir ta haɗu da danshin asid, sai ta zama wata siririyar hanya da wuta ke bi daga wannan kai zuwa wancan. Mota tana ajiye, batir yana tsiyayewa.

Yauwa. Yanzu mu zo kan ɗauri, don nan ne rai yake. Me aka fi ɗaure batir da shi a ƙauyukanmu? Robar tif, wadda ake ɗaure kaya a bayan babur. Wani igiya, wani waya, wani ya cusa guntun katako a gefe, wani kuma babu komai, wayoyin tamina ne kawai suke riƙe da shi. Roba tana miƙewa, zafi da asid suna busar da ita, rana ɗaya ta tsinke ba sallama. Igiya asid na cinye ta. Katako yana shan asid ya riƙe, ya zama soso mai jiƙa ƙarfen mota dare da rana. Waya kuwa ita ce mafi haɗari, don in ta zame ta taɓa kan fozitib, magana ta ƙare.

Dalili shi ne, duk jikin motar nan, daga bonet har bamba, a haɗe yake da kan negetib. Saboda haka in kan fozitib ya taɓa kowane ƙarfe na mota, kamar ka haɗa kawunan batir biyu ne kai tsaye. Wutar da za ta bi wajen ɗaruruwan amfiya ce, irin wadda ake walda da ita. A ƙarƙashin bonet ɗin tsohuwar Fijo kuma ga kafireto, ga tiyon fetur da ya shekara talatin, ga maiƙon baƙin mai ko'ina.

Da idona na ga haka a wata ranar kasuwa, a hanyar burji da ke fitowa daga wani ƙauye zuwa titi. A-kori-kura ce 504, an loda mata buhunan albasa, mutane na zaune a sama. Ta faɗa wani rami, sai hayaƙi ya turnuƙe daga gaba. Allah ya taimaka akwai yashi a gefen hanya, jama'a suka yi ta watsawa har ta mutu. Da aka buɗe, batir ya goce daga mazauninsa, kan fozitib ya manne da ƙarfe, robar da aka ɗaure shi da ita tana reto. Ba a rasa rai ba, amma wayarin ɗin gaba duk ya narke. Mai motar dattijo ne, ita kaɗai ce sana'arsa. Sai da ta yi watanni a ajiye, lokacin kaka ya wuce shi, lokacin da masu mota ke samun na shekara. Abin da zai hana wannan duka bai wuce guntun ƙarfe da noti biyu ba.

To yaya ɗaurin ƙwarai yake? Motar nan daga kamfani ta zo da maɗaurinta, ɓacewa ya yi a hannun masu cire batir. Ka fara nema a wajen masu tsofaffin kayan mota. In ba a samu ba, mai walda na garinku zai haɗa maka. Abin da za ka ce masa: guntun ƙarfe mai kusurwa wanda zai kama gefen saman batir, da sanduna biyu masu lanƙwasa a ƙasa kamar ƙugiya da zare a sama, da noti da wasa. Ƙugiyoyin su kama farantin ƙasa. A ƙarƙashin batir ka shimfiɗa roba mai kauri, irin ta tabarmar mota, don ta sha girgiza. Ban da kwali, ban da buhu, ban da tsumma, duk suna riƙe asid.

Ka kula da abu uku. Na ɗaya, ƙarfen ya yi nesa da kan fozitib, aƙalla faɗin yatsu biyu, kuma in da hali ka zura shi a cikin tiyon roba. Na biyu, kada ka ɗaure noti kamar kana ɗaure taya. Akwatin roba ne, in ka matse shi da yawa zai tsage. Ka ɗaure har sai ka kama batir da hannu biyu ka girgiza ka ga motar ce ke motsi, shi ke nan. Na uku, tsayi. Batiran yanzu ba lallai su yi daidai da mazaunin da aka yi a 1978 ba. Kafin ka haɗa wayoyi, ɗora ɗan curin laka a kan kowane kai, ka rufe bonet a hankali, ka buɗe. Kaurin lakar da ya rage shi ne tazarar da ke tsakanin batir da bonet. In ta baje, batirin ya yi tsayi, a canza shi. Bayan an haɗa, a rufe kan fozitib da hular roba, ko da guntun tif ne aka yanka.

Masu Volkswagen Beetle, wadda aka riƙa haɗawa a Legas tun 1975, ku naku batirin a ƙarƙashin kujerar baya yake. Can ma haka ne, har ya fi. Asid yana cinye daɓen motar, kuma in babu murfi a kan fozitib, mai nauyi ya zauna, ƙarafan kujera su sauka a kan batir, sai wuta a ƙarƙashin fasinja.

Yanzu wanki. Kafin ka taɓa komai, cire zoben azurfa da agogon ƙarfe. Zobe in ya shiga tsakanin sifana da ƙarfen mota, cikin ƙiftawar ido zai yi ja, ya ƙone yatsa har ƙashi. Sa tabarau, ko na masu babur ne. Sa safar hannu ta roba, ko ka ɗaura leda. Ajiye bokitin ruwa a kusa. Kashe mota, zare makulli.

Ka fara kwance negetib, mai alamar ragi, sannan fozitib. In za ka mayar, fozitib ne farko, negetib ƙarshe. Me ya sa? Idan kana kwance negetib sifana ta taɓa jikin mota, babu abin da zai faru, don dama a haɗe suke. Da zarar ka cire shi kuwa, ka yanke hanyar, ko sifana ta taɓa ƙarfe wajen kwance fozitib babu tartsatsi. Sai dai wasu tsofaffin motocin Ingila na kafin ƙarshen shekarun 1960, irin su tsohuwar Land Rover, fozitib ne a haɗe da jiki. Dokar dai ita ce, wayar da ta tafi jikin mota ita ake fara cirewa, ita ake mayarwa a ƙarshe. In tamina ta ƙi fita, sassauta noti sosai ka buɗa bakinta da sukundireba, kada ka daka.

Ka fitar da batir a miƙe, kada ka karkata shi, kada ka rungume shi a ƙirji. Sai ka haɗa ruwan wanki. Asid abokin gabarsa shi ne abu mai kanwa-kanwa. Mafi kyau shi ne bekin soda, wadda mata ke sa wa a kek, babban cokali ɗaya a kofin ruwa. In babu, kanwar da ke ɗakin Inna ma tana yi. Ai kun ga yadda ake jefa ta a miyar yakuwa ta kashe tsami, har ta yi kumfa. Aikin ɗaya ne. A jiƙa ta, a tace. Zuba a kan farantin da duk inda farin gari ya taɓa, za ka ga yana kumfa yana tsuwa. Goge da tsohon buroshi, ka sake zubawa, har sai kumfa ta daina tashi. Sannan ka ɗauraye da ruwa mai yawa, musamman in kanwa ce, don tana da gishiri a ciki, shi ma in ya zauna yana jawo tsatsa.

Wajen wanke saman batirin kansa, tabbatar murafe a rufe suke gam. Ɗigon ruwan soda ko kanwa in ya shiga ciki, zai raunana asid ɗin da batir ke aiki da shi. Masu zuba lemon kwalba kuma, ku bari. Shi kansa tsami gare shi, ba ya kashe asid, sukari kawai yake bari ƙura ta manne.

Bar wajen ya bushe ƙarau a rana. Kankare tsatsa da buroshin waya da sanfefa har ka ga farin ƙarfe. Shafa jan fentin nan na hana tsatsa da masu ƙofofin ƙarfe ke amfani da shi, ya bushe, ka bi da baƙin fenti sau biyu. Leƙa ƙarƙashin farantin ma, don asid ƙasa yake bi, kuma a can akwai ƙashin mota da wayoyi. In farantin ya riga ya huje, mai walda ya yanke ruɓaɓɓen ya sa sabo, amma batir ya yi nesa da wajen, kuma a kare tiyon fetur daga tartsatsi. A bar ƙaramar huda a ƙasa don ruwa ya riƙa fita.

Tamina kuma a goge cikinta da kan batir har su yi ƙyalli. In ta cinye ko ta buɗe, a sayi sabuwa. Cusa ƙusa ko sukuru a tsakani don ta kama, wannan ɓata kan batir ne kawai. Duba wayar ma, in ka ga ta kumbura a ƙarƙashin roba, tsatsa ta shige ciki, a yanke a sabunta. Bayan ka ɗaure, sai ka shafe waje da basilin ko giris, siriri, don iska da tururi kada su samu ƙarfen.

Sai maganar ruwa. A nan ake yawan ruɗewa, domin da asid da tataccen ruwa duk "ruwan batir" muke ce musu. Abin da ke raguwa a batir ruwa ne zalla, asid yana nan. Don haka tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa. In ka ƙara asid, ya yi kauri ya cinye faranta. Ruwan rijiya, na burtsatse, na leda, duk suna ɗauke da gishirin ƙasa da ke lalata batir a hankali. Ka zuba har ya rufe faranta da kamar santimita ɗaya, ka tsaya. A lokacin bazara ka duba duk sati biyu, sauran lokuta duk wata. Batirin da aka liƙe babu murafe kuwa, ba a buɗe shi.

Kuma don Allah, kada a haska cikin batir da ashana ko laita. Batir yana fitar da iskar haidurojin, musamman lokacin caji, kuma in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ta fashe. Fashewar batir asid take watsawa a fuska. Haka gwajin nan na haɗa kawuna biyu da waya don a ga ƙarfin tartsatsi, wasa da ido ne. Fitilar wayarka ta ishe ka leƙawa. In tsautsayi ya sa asid ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 15 zuwa 20 ba tsayawa, sannan a wuce asibiti nan take. Ban da kanwa, ban da nono, ban da manja, ban da tozali. A fata ma ruwa ne mai yawa, a cire rigar da ta jiƙe. Asid kuma kada a taɓa zuba shi a gorar lemo a ajiye a gida inda yara suke.

Wanda ke son ya huta da zato, ya sayi 'yar mita ta masu gyaran wuta. Mota a kashe, bayan ta huta wasu awoyi, 12.6 na nufin batir a cike yake. In ka ga 12.2, ya kai rabi. Ƙasa da 12, yana neman caji da gaggawa. Tayar da mota, ka ɗan ba ta wuta, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. In ta haura 15, regileta ce, je wajen mai wayarin kafin ta dafa maka batir. In ta tsaya a 12 da wani abu, altaneta ba ta caji, ko kuma bel ya saki.

Akwai wata ɗabi'a tamu da sai na taɓo. Motoci da yawa a ƙauye sai ranar kasuwa suke fita. Sauran kwanaki a ciro batir a kunna talabijin a kalli ƙwallo, ko a yi cajin wayoyi, ko a ba da aro wajen biki a kunna lasifika. Batirin mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi ta 'yan daƙiƙu ya tayar da inji, sannan a mayar masa nan take. In ana zuƙe shi har ƙasa, faranta suna yin wani farin ɓawo mai tauri wanda caji ba ya narkarwa. Ga shi kuma yawan cirewa da mayarwa shi ke buɗe tamina, shi ke ɓatar da maɗauri. Wutar ɗaki a nema mata batirin sola. In mota za ta daɗe a ajiye, cire negetib, kuma a kai batir caji ko sau ɗaya a wata. Wasu tsofaffin Fijo ma sun zo da noti mai fukafukai a kan tamina don a riƙa katse wuta da hannu. In taka tana da shi, kada ka bari a canza maka.

Abu na ƙarshe, mataccen batir. Kada a fasa shi a gida don a ciri dalma, kada a zubar da ruwansa a tsakar gida ko kusa da rijiya, kada a mayar da akwatinsa mazubin ruwan kaji. Dalma guba ce, kuma ƙananan yara ta fi kamawa, tana taɓa ƙwaƙwalwa. Mun ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can daga dutsen zinare ta fito, amma dalmar ɗaya ce. A Senegal kuwa, a wata unguwa ta Thiaroye kusa da Dakar, yara 18 ne suka rasu tsakanin 2007 da 2008, kuma daga fasa tsofaffin batiran mota ne. Mayar da tsohon batir ga mai sayarwa a rufe yadda yake, yawanci ma zai rage maka kuɗin sabo.

To jama'a, ga aikin wannan sati. Ranar da babu kasuwa, ka samu awa biyu da safe kafin rana ta yi zafi. Buɗe bonet, girgiza batir da hannu, duba farin gari, leƙa ƙarƙashi. In motar ta baba ce kuma yana raye, kada ka yi gaban kanka. Je ka durƙusa ka ce, Baba, a ba ni izini in wanke wajen batir. Wataƙila ma ya taso ya tsaya a kanka, ka ji labarin ranar da ya ɗauko ta, wanda bai taɓa ba ka ba. Ƙanne ma a kira su su gani, amma su tsaya nesa da asid.

Ku ɗauki hoton wajen kafin wanki da bayan wanki ku ajiye mana a ƙasan wannan rubutu, ku faɗi garinku da shekarar motar. Wanda ke da tambaya ya rubuto, za mu amsa a zango na gaba, inda za mu yi maganar lagireto da zafin inji kafin bazara ta kama. Wanda ya san mai tsohuwar mota da ba ya karatu a waya, ya karanta masa.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya sa albarka a abin hawanmu. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.